Kulocin Sachs Performance a BMW 328i ɗina, bayan na gama ƙona kuɗi a kan wani "siteji 3"

Ranar da na tabbatar na tafka wauta ina cikin goslo ne a Kurna wajen biyar na yamma, motata ta mutu sau uku a tazarar da ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba, a na ukun wani ɗan adaidaita ya leƙo da kai yace "Alhaji in koyo kake ka maƙala L mana ka bar mu mu wuce". Ni da na fi shekara goma ina jan manuwal. Wlh ban ma iya ba shi amsa ba don ƙafata ta hagu rawa take yi, kuma in ka bi ta gaskiya yaron bai yi ƙarya ba, duk wanda ya ga yadda motar ke zabura tana fizga kamar an tsikari ɗan maraƙi zai ce ɗan koyo ne a ciki.

Motar BMW ce E36 328i manuwal, tsohuwa ce ta shekarun 90 amma ina ji da ita fiye da yadda ya kamata mutum mai iyali ya ji da ƙarfe. Injinta M52 ne mai silinda 6, lita 2.8, daga kamfani ƙarfin doki 193 yake bayarwa, ƙarfin murɗawa kuma, wato tok, 280 Nm. Giyabos ɗinta ZF ne mai giya 5. Ku riƙe lambar nan 280 don duk rigimar a kanta take. Ita nake hawa zuwa aiki kullum, ita nake kai yara makaranta, sannan wasu ranakun Lahadi mukan fita fili bayan gari da abokai a ɗan juya taya. A fili fa nace, ba a titin unguwa ba, ba kuma a ayarin kai amarya ba, wannan haukan na wasan mota a tsakiyar jama'a ya ci rayuka da yawa a garuruwanmu ba na ciki kuma ba na goyon baya.

Kulocin da na sayi motar da shi ya fara sulɓi ne a hankali. Farko sai in ji feda ta koma can sama take kamawa, daga baya wata rana a hanyar Zariya bayan Kwanar Dangora ina giya ta biyar na danna totur zan wuce tirela, sai na ga allurar inji ta tashi fuuu ita kuwa ta gudu tana nan inda take, ga wani wari kamar ana ƙona tsumma. Wannan shi ne gwajin da kowa zai iya yi ba sai ya je gareji ba, ka sa babbar giya, ta huɗu ko ta biyar, inji na ƙasa-ƙasa, ka take totur har ƙasa, in inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba to filet, wato faifan kuloci mai gogawa, ya gama yawo.

To a nan ne shaiɗan ya shigo. Maimakon in je in sayi irin wanda ke ciki in huta, sai na kwana ina kallon bidiyon 'yan dirif, masu wasan ɓalle bayan mota a kwana, na Turai da Japan, na shiga intanet na ga wani kit an rubuta masa siteji 3, filet ɗinsa ba zagayayye ba ne, fukafukai shida ne kowanne da ɗan kushin seramik a baki, diskin, wato ƙarfen da ke matse filet, an fesa masa fenti mai ƙyalli, ga hoton wuta a jikin kwali, kuɗinsa kuma bai ma kai na orijinal ɗin talakawa ba. Nace kai, ga ƙarfi ga araha. Ba zan faɗi sunan da ke jikin kwalin ba, dama irinsu suna da yawa kuma na lura kusan kaya ɗaya ne ake canja wa fenti da suna. Wani abokina da zai dawo daga tafiya ya taho min da shi.

Bakanikena dattijo ne, tun zamanin 504 yake kwance giyabos, da ya buɗe kwalin ya ɗaga filet ɗin ya juya shi gaba da baya ya dube ni yace "Yallaɓai wannan motar tsere za ka yi da ita ko cefane?" Nace Baba ka ɗaura kawai, zamani ne ya canja. Yace to, "kuɗinka ne, ƙafarka ce". Ya ɗaura.

Abin da ban fahimta ba a lokacin, kuma shi ne nake so duk mai shirin sayen irin wannan kaya ya fahimta tun kafin ya tura kuɗi, kalmar siteji ɗin nan ba ma'auni ba ce. Babu wata hukuma da ta zauna ta ce siteji 1 kaza ne siteji 3 kaza ne, kowane kamfani shi ke raɗa wa kayansa, siteji 2 na wannan zai iya fin siteji 4 na wancan. Abin da ke sa kuloci ya riƙe inji abu huɗu ne kawai: irin kayan da aka yi fuskar filet da shi, ƙarfin da diski ke matse shi da shi, faɗinsa, sai kuma yawan filet ɗin in ɗaya ne ko biyu. Faɗi ba ka da ta cewa a kai, na 328i milimita 240 ne shi ke nan. Mai filet biyu kuwa kuɗinsa ya kusa sayen wata motar. Saura biyu ke nan, ko a ƙara wa diski ƙarfin matsa, sai feda ta yi nauyi, ko a canja fuskar filet zuwa mai cizo, sai laushin tashi ya tafi. Babu na banza a ciki, kowanne ka ɗauka akwai abin da za ka biya da jikinka ko da motarka.

Ita fuskar filet kala-kala ce. Akwai oganik, irin wadda mota ke zuwa da ita, zare ne da ƙaro da ɗan ƙarfe aka gauraya aka matse, tana yarda ka ɗan ja ta rabi-rabi lokacin tashi kuma ba ta cin filawil, wato faifan ƙarfen bayan inji da filet ke mannewa a jikinsa. Akwai kebla, tana daɗewa sosai amma tana son a lallaɓa ta tsawon lokaci kafin ta zauna, kuma in ta sha zafi ta yi santsi da wuya ta dawo. Sai seramik mai fukafukai huɗu ko shida irin wanda na kwaso, shi zafi ba ya damunsa, amma bai san rabi-rabi ba, ko a kame ko a sake kamar makunnin fitila, kuma da yake ya fi ƙarfen da yake gogawa taurin kai to filawil da diski yake ci. A filin tsere wannan ba matsala ba ce don sau nawa za ka tashi daga tsaye? A Kano kuwa daga Kabuga zuwa Bata kaɗai Allah ne ya san sau nawa za ka taka kuloci.

Wata biyar na yi da shi. A fili gsky ya yi daɗi ba zan ɓoye ba, kana sakin feda baya ya ɓalle nan take. Amma sauran kwana shida na mako azaba ce zalla. Tashi a giya ta ɗaya sai duk motar ta ɗau karkarwa har madubi na rawa, ribas kuwa ba a magana, shiga get ɗin gidanmu da baya sai da na koma ina addu'a. Madam ta ce ita ta haƙura da motar nan, gara ta hau adaidaita da a riƙa kaɗa mata hanji. Daga baya sai wata ƙara ta fito daga ƙasa, gaf-gaf in na canja giya, da aka duba robar farfela ce ta tsattsage, wannan baƙar robar zagayayyiya da ke tsakanin giyabos da farfela, maunti ɗaya na giyabos shi ma ya rabu biyu. Duk dukan da kuloci mai laushi ke shanyewa shi wannan miƙa shi yake yi kai tsaye ga na bayansa. Ƙarshe dai feda ta fara kamawa a wurare daban-daban, yau ƙasa gobe sama, na ce a sauke.

Da aka sauke giyabos Baba bai ce komai ba, fitila kawai ya haska min fuskar filawil. Duk ta yi tabo shuɗi-shuɗi na ƙuna, ga zane zagaye da farce ke maƙalewa a ciki. Kuma a nan ne asarar gaske take don filawil ɗin motocin nan ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne irin na 504 da za a kai wa mai injin yanka ya share fuska a mayar. Mai ɓari biyu ne, ƙarfe biyu da sifirin da giris a tsakaninsu, aikinsa ya shanye girgizar inji kafin ta isa giyabos. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1985 kuma a BMW aka fara sa shi. Galibi ba a share irinsa, in ya lalace sai dai sabo, kuma kuɗinsa shi kaɗai ya fi na kit ɗin kuloci gaba ɗaya. Nawa sifirin ɗin ciki ma sun saki, kana juya ɓarin sama da hannu yana tafiya lagwai-lagwai. Zan yi adalci, filawil ɗin dama tsoho ne ba sabo na ba shi ya ci ba, amma da ya ƙara min wasu shekaru. Garin neman gira na rasa ido.

Zama na biyu na yi shi da biro da takarda ba da bidiyo ba. Injina 280 Nm yake bayarwa. Na sa masa manifol ɗin shaƙar iska na tsohon injin BMW M50 kamar yadda masu 328i da yawa ke yi, amma wannan a can saman juyi yake ƙara numfashi, doki ne ke ƙaruwa, tok ɗin tsakiya bai ƙaru ba in ma bai ɗan ragu ba. Shi kuwa kuloci ba ruwansa da doki, tok yake ji. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ka nemi wanda ya fi ƙarfin injinka da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ka ga ni ke nan abin da bai wuce 360 da ɗoriya ba ya ishe ni har da canji. Wani tarko kuma, kamfanonin Amurka da lb-ft suke rubuta nasu, na Turai da Nm, lb-ft ɗaya daidai yake da Nm 1.356, wato 280 ɗina wajen 206 ne a lissafinsu, in ka ga sun rubuta 300 to ya haura 400 a namu. Sannan wasu a bakin inji suke aunawa wasu a taya. Mutum sai ya ga lamba ƙarama ya raina alhali ta ninka buƙatarsa.

Da na gama lissafin hanya uku ce ta rage min.

Ta farko in koma kan na talakawa, Sachs ko LuK irin wanda aka ƙera motar da shi. Kuma bari in faɗa da babbar murya, mutum tara cikin goma da ke tambayata wane kuloci mai ƙarfi zai saya wannan ne amsarsu. In injinka yana nan yadda ya fito, ba turbo ba komai, kuma ba ka harba feda, wato taka kuloci ka saki da ƙarfi kana cikin gudu, to kulocin kamfani ba rago ba ne, injiniyoyin sun bar masa rara. Naka da ya mutu ba don ba shi da ƙarfi ba ne, tsufa ya yi, ko kuma kai ne mai ɗora ƙafa a kan feda kana tafiya, ko mai riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki.

Ta biyu kit ɗin Valeo na Faransa mai zuwa da filawil dunƙule, wanda ake cire mai ɓari biyun a sa shi. Wannan ya ja hankalina sosai don a kwali ɗaya ka samu filawil da filet da diski da rilis biyarin mai danna diski in ka taka feda, kuma nan gaba in kuloci ya ƙare ba sai ka sake sayen filawil ba. Ga mai neman sauƙin aljihu hanya ce mai kyau, sai dai shi ba don ƙarin ƙarfi aka yi shi ba, madadin na kamfani ne. A nan akwai abin da mutane ke kuskurewa har kanikawa: filawil mai ɓari biyu da filet marar sifirin yake tafiya don sifirin ɗin na cikin filawil, filawil dunƙule kuma dole filet mai sifirin a tsakiya. In ka haɗa dunƙule da marar sifirin babu mai shanye girgiza, giyabos zai riƙa kaca-kaca a silo kamar an zuba tsakuwa a gwangwani kuma haƙoransa ne ke shan dukan.

Ta uku ita na ɗauka, Sachs Performance, diski mai ƙarin ƙarfi da filet oganik cikakken zagaye, a kan sabon filawil mai ɓari biyu. Sachs tsohon gida ne, tun 1895 suke a garin Shuwainfot na Jamus, yanzu suna ƙarƙashin ZF tun 2001, wato masu giyabos ɗin nawa ne ma. Suna da layin kayan talakawa suna da layin masu wasa da 'yan tsere, wannan daga na biyun yake. Dalilina shi ne ni ina harba feda a fili, wato ina cikin kwana in taka kuloci in saki da ƙarfi don baya ya ɓalle, wannan dukan na lokaci ɗaya ya fi abin da inji ke bayarwa a tafiya ta lafiya, nan ne ƙarin matsin diski ke da amfani. Amma fuskar filet na bar ta oganik saboda Kurna. Da motar Japan gare ni, Honda ko Subaru ko Toyota, da Exedy zan duba, su ne ke yi wa kamfanonin Japan da yawa kuloci tun daga masana'anta kuma siteji 1 ɗinsu tsarin ɗaya ne da wannan, oganik da diski mai ƙarfi.

Maganar kuɗi kuwa ba daɗi. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 dala ta haura 1,500 a farkon 2024 duk abin da za a shigo da shi ya zama sai an yi shawara da iyali. Ba zan rubuta farashi ba don kafin ka karanta ya canja, amma a lokacin da na saya kit ɗin ya kusa ninka na talakawa sau biyu, ya kuma kusa ninka wancan mai fentin sau uku. Sai dai in ka tara kuɗin mai fentin da kuɗin aiki sau biyu da robar farfela da maunti da filawil, to ka ga wanda ya fi tsada. Kuɗin aikin nan fa kar a raina shi, sauke giyabos ɗin E36 ba wasa ba ne, sai an cire salansa an cire farfela, ga wasu kusoshi a can saman giyabos da sai an haɗa dogayen ƙarafa kafin a kai gare su, yini guda ne cur.

Na zagaya Ƙofar Ruwa kafin in yi oda, na kuma sa an tambaya min a Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja da Ladipo ta Legas. Na talakawa ana samu, sabo da Beljiyam, amma layin Performance ɗin sai dai a yi maka oda. Shawarata kan Beljiyam: inji ko giyabos ko ƙofa na yarda, amma filet ɗin kuloci ɗan gwanjo kamar sayen takalmin da wani ya cinye rabin dunduniyarsa ne, ga shi aikin ɗaurawa ya fi kayan tsada. Sai kuma jabu, duk sunan da ya yi suna ana buga kwalinsa, don haka kwali ba hujja ba ne. Ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen kanta ta yi daidai da ta kwali da ta kundin kamfanin a intanet, ka duba ribit ɗin filet ko sun zauna daidai, in farashi ya yi daɗi fiye da kima ka ajiye ka yi gaba. Kuma ka ba mai sayarwa lambar shasi ba sunan mota kawai ba. Ka ƙirga haƙoran tsakiyar filet, na giyabos ɗina 10 ne, wasu E46, wato BMW ɗin da ta biyo bayan tawa, na baya-baya 22 ne, na san wanda aka yi wa oda daga waje kaya suka iso bayan sati uku ya tarar ba ya shiga.

Wannan karon duk abin da Baba ya ce a canja ban yi musu ba. Rilis biyarin sabo, ɗan ƙaramin biyarin ɗin da ke cikin gindin karanshaf sabo, oyil sil na bayan inji sabo don in ya yi yoyo baƙin mai ya taɓa filet to ka yi asarar kuloci komai tsadarsa, kusoshin filawil sababbi don ba a son maimaita su. Akwai wani ɗan fegi na roba da cokalin kuloci ke dogara a kansa a cikin giyabos, ɗan mitsitsi ne kuɗinsa bai kai na lemo biyu ba a can, amma in ya cinye sai an sake sauke komai, na sa na ƙarfe. Na canja dawun kuloci, wato famfon ƙasa mai tura cokalin, da tiyonsa don tsohuwar roba kumbura take yi in diski ya yi ƙarfi sai feda ta zama kamar soso, aka zuba sabon man birki DOT 4 aka yi bilidin don fitar da iska, dama a motar nan kuloci da birki gwangwani ɗaya suke sha. Na kuma tsaya a kai aka wanke fuskar filawil da diski tas kafin a haɗa, aka sa ɗan sandan saita filet a tsakiya, aka ɗaure kusoshi da sifana mai ma'auni a gicciye ba da ƙarfin damtse ba. Yaran garejin har dariya suke min wai na zama injiniya.

Sai haƙuri na kilomita 800. Masu yin irin wannan kaya galibi abin da suke cewa ke nan, mil 500 na tuƙin cikin gari mai yawan tsayawa da tashi, ba harbawa ba take totur har ƙasa, don fuskokin su goge juna su zauna. Tafiya Abuja ka dawo ba ta shiga lissafi, don kana giya ta biyar kuloci barci yake yi. A nan dai goslon Kano ya yi min rana, sati biyar na cike.

Yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan, ga abin da na gani. Feda ta fi ta kamfani nauyi, wannan babu makawa duk diskin da aka ƙara wa matsi haka yake, kwana ukun farko na ji a cinyata, bayan sati biyu na daina lura sai in na hau motar wani na ji tasa kamar babu komai a ƙasa. In kana da ciwon gwiwa ko kuma kai da madam kuke raba motar to ka yi tunani a kan wannan sosai. Wurin kamawa yana ɗan ƙasa da tsakiya kuma bai gusa ba tun da ya zauna. Tashi lafiya lau, babu karkarwa ko da safe inji da sanyi, ribas ina shiga gida da hannu ɗaya ina amsa gaisuwar maƙwabta. Yana kamawa da ɗan sauri fiye da na kamfani, tazarar rabi-rabin ta ɗan gajarta, amma tana nan, kana iya lallaɓa mota taku-taku a layin shan mai.

A fili kuma, inda na saye shi dominsa, bai taɓa sulɓe min ba. Giya ta biyu, harbi uku huɗu a jere, yana kamawa caraf. Ba shi da wannan cizon na mugunta irin na seramik, na yarda, akwai ɗan laushi na ƙiftawar ido kafin ya kame, amma wannan laushin shi ne ya sa har yau robar farfelata lafiyarta ƙalau. Iyakarsa zafi ne kamar kowane oganik, ranar da na yi ta yi ba hutawa cikin zafin watan Afrilu na fara jin ɗan wari, na tsaya na sha ruwa minti goma sha biyar ya huce ya dawo daidai. Wanda zai yini yana wasa ba sauka, ko ya ɗaura turbo tok ya haura 450 ko 500, motar kuma ba ita ce ta cefane ba, to shi ne mai seramik, kuma ko shi ya sayi na gidan da aka sani mai sifirin a tsakiya in filawil ɗinsa dunƙule ne, ya kuma sa a ransa filawil ya zama abin canjawa kamar taya.

In maki ake so na ba shi takwas cikin goma. Ɗaya na cire saboda tsada da jiran oda, ɗaya saboda ni kaina na san da na talakawa na sa da kashi casa'in na tuƙina ba zan ga bambanci ba, Lahadi biyu a wata na biya wa wannan kuɗin. Wani ƙanina mai 406 ya zo kwanaki wai shi ma irin nawa yake so, na tambaye shi me ka yi wa injin, yace ya sa salansa mai ƙara, nace je ka sayi Valeo ɗinka na kamfani ka sa sauran kuɗin a taya masu kyau, ya tafi yana ƙunƙuni wai ina masa baƙin ciki.

Shi kuwa filet mai fukafukai shidan yana nan Baba ya rataye shi da waya a ƙusa a bakin garejinsa, fukafuki ɗaya ya ɓantare. Makon jiya da na je canjin baƙin mai na tarar da shi ya sauko da shi yana nuna wa wani saurayi mai Golf, yana hango ni yace "yawwa ga mai shi nan, Yallaɓai zo ka faɗa masa da bakinka".